Wata 18 tsakanin gadon asibiti da minti 90: nazarin lamarin wani ɗan ƙwallo mai ciwon asma

## Wanda abin ya shafa

Namiji ne mai shekara 29, ma'aikacin ofis, yana buga tsakiya a wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwallon ƙafa da ke atisaye sau biyu a mako, ta buga wasa ɗaya a ƙarshen mako. Ba ya shan taba. Yana ɗan shekara 7 aka gano yana da asma, mahaifiyarsa ma tana fama da ita. Wajen shekara 15 ciwon ya lafa, har ya ɗauka sun rabu ke nan. Abin da ya rage masa daga ƙuruciya shi ne inhelar salbutamol, wato ɗan gwangwanin maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, shuɗiyar nan da aka fi sani, wadda kan yi watanni a ƙasan jakar takalmansa ba a taɓa ta ba, sai toshewar hanci da atishawar safe da bai taɓa ɗauka a bakin komai ba. Nauyinsa a lokacin kilo 72. Irinsa ba su da wuyar samu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma da yawa daga cikinsu gudu ne ke tayar musu da ita.

Duk watannin da za a ambata an ƙirga su ne daga ranar da aka kwantar da shi a asibiti.

## Wata huɗu kafin kwanciya asibiti

Farkon abin mura ce mai zafi da ta sauka masa a ƙirji. Zazzaɓin ya wuce cikin mako guda, tarin ya ƙi tafiya. A mako na uku ya koma fili, sai ya lura da wani sabon abu. Yana cikin wasa ba ya jin komai sosai, amma da an tashi, yana kwance igiyar takalmi, sai tari ya turnuƙe shi, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Ya tono inhelar daga jaka. Fesawa biyu, minti biyar, ƙirji ya saki.

Daga nan kamar da wasa ta zama abokiyar tafiya. Da farko bayan wasa, sai kafin wasa, sai a hutun rabin lokaci, sai kuma tsakar dare idan tari ya tashe shi. Gwangwani ɗaya na ɗauke da fesawa 200, kowace maikirogiram 100. Cikin wata huɗu ya ƙarar da uku. Bai je wurin likita ba, don a ganinsa magani yana aiki.

Ranar da abin ya ci tura, wasan dare suka buga a lokacin sanyi, ya kuma yi minti 90 cur. Wajen minti goma bayan an busa tashi ya kasa haɗa magana guda ba tare da ya tsaya neman iska ba. Ya fesa sau takwas babu sauƙi. Abokan wasa suka ɗauke shi zuwa sashen gaggawa. Iskar oksijin a jininsa ta sauka zuwa kashi 91 cikin 100. Aka sa masa oksijin da maganin tururi, aka ɗora shi a kan ƙwayar prednisolone, mai rage kumburi, miligiram 40 kullum na kwana biyar, ya kwana biyu a asibiti. Da za a sallame shi aka miƙa masa inhela ta biyu, beclometasone mai ruwan ƙasa, safe da dare, tare da takardar dawowa bayan mako biyu.

Mako uku ya yi yana shaƙarta ya ajiye. Dalilansa biyu ne. Idan ya shaƙi shuɗiyar nan take yake jin aikinta, wannan kuwa ba ya jin komai. Sannan ya karanta a takardar cikin kwalin cewa sitiroyid ce, shi kuwa abin da ya sani da wannan suna shi ne wanda wasu masu ɗaga ƙarfe ke sha a ɓoye. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce.

## Wata 1 zuwa 5: ya rataye takalmi

Ya daina atisaye gaba ɗaya. Ba likita ne ya hana shi ba, tsoro ne. Duk abin da zai sa shi haki ya ƙaurace masa, har matakalar ofis in akwai yadda zai kauce mata. Da yake ba ya gudu, tarin bayan wasa ya ɓace, sai ya ƙara tabbata ƙwallo ce matsalarsa. Tarin dare dai yana nan, sau ɗaya ko biyu a mako.

A ƙarshen wata na 5 nauyinsa ya kai kilo 81. Hawa bene biyu kan sa ya tsaya ya dafa bango, kuma duk sanda haka ta faru sai ya fesa inhela, don a wurinsa kowane haki asma ce.

## Wata 6 da 7: yunƙurin farko

Labarin Paula Radcliffe ne ya zaburar da shi, 'yar Birtaniyar nan mai asma da ta kammala gudun famfalaki na Landan a 2003 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, bajintar da ba a shafe ba sai a 2019. Ya ce in mai asma za ta yi haka, ashe shi ragwanci ne ke damunsa. Ya tsara wa kansa gudun kilomita 5 kullum da sassafe kafin aiki, a gefen babban titi, don can ne ke da fitilu. Babu ɗumama jiki, daga bakin ƙofa sai gudu. Fesawa biyu kafin ya fita.

Mako na farko yakan kai kilomita 2 ya koma tafiya. Mako na biyu ya kai 3, ya ji daɗi. Daga mako na uku lissafi ya soma juyawa. Fesawa biyun da ke kai shi ƙarshen gudu suka daina isa, ya mai da su huɗu. Yana dawowa gida, yana cikin wanka, tari zai kama shi har sai ya tsuguna. Tashin dare ya koma sau huɗu a mako. Ya rage nisa, ya ƙara sauri don ya gama da wuri, ya sa hutun kwana ɗaya a tsakani, duk babu wanda ya canza komai. Wata safiya a mako na bakwai ya zauna a bakin hanya kusan rabin awa yana jiran ƙirji ya saki, kamar mai jan iska ta bututun biro, in ji shi. A waɗannan makonni gwangwani biyu ya ƙarar. Daga nan ya dakata.

## Wata 8: ninƙaya da sauran shawarwari

Wani abokin aiki ya ce masa ninƙaya ce wasan masu asma, tunda iskar da ke saman ruwa tana da ɗumi da danshi. Ya yi mako uku yana zuwa wani wurin ninƙaya na cikin gini, kuma lallai tarin bayan motsa jiki ya ragu. Sai dai warin kulorin ya tayar masa da hanci, ya riƙa barci baki buɗe, tashin daren kuma bai ragu ba. A watan nan ya sayi ƙwayoyin bitamin, ya bi wasu darussan numfashi a intanet. Darussan sun rage masa firgita idan haki ya zo. Yawan fesa inhela bai motsa ba.

## Wata 9: gwaji da sauya magani

Mai harhaɗa magani ne ya tsayar da shi ranar da ya je sayen gwangwani na tara cikin shekara guda da 'yan kai. Ya ce masa uku a shekara ma alama ce ta cewa ciwon ya fi ƙarfin maganin, ya je ya ga likitan ƙirji.

A asibiti aka fara da takardar tambayoyi biyar da ake auna yadda asma ke kwance ko tashe. Makinta 25 ne, daga 20 zuwa sama ake cewa ciwo ya kwanta. Ya sami 12. Aka sa shi hura na'urar auna numfashi, wadda ke nuna yawan iskar da mutum ke iya fitarwa a daƙiƙar farko: lita 2.7. Aka ba shi salbutamol, aka jira minti 15, ya sake hurawa: lita 3.15. Ƙarin mililita 450 ke nan, kusan kashi 17. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarin kashi 12 da mililita 200, saboda haka babu sauran tababa a kan sunan ciwon. Ba a sa shi a kan injin gudu ranar ba, don huhun bai kai ba.

"Malam, ɗauko inhelarka ka nuna mini yadda kake yi," in ji nas ɗin.

Ya cire murfi, ya sa a baki, ya danna sau biyu a jere, ya zuƙa da ƙarfi, ya fitar nan take. Hayaƙin maganin ya biyo gefen bakinsa.

"Tun yaushe kake yi haka?"

"Tun ina yaro, Sista."

"To tun kana yaro harshenka da maƙogwaronka kake ba magani."

Ta nuna masa daga farko. A girgiza, a fitar da numfashi, a danna sau ɗaya daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa goma, sannan a yi ta biyu. Ta haɗa masa sifesa, bututun robar nan da ke shiga tsakanin inhela da baki ya tare maganin har a gama shaƙa.

Bayanin likitan ya rubuta shi a bayan katinsa. A asma abu biyu ne ke faruwa a hanyoyin iska: bangonsu na ciki ya kumbura, tsokar da ke kewaye da su kuma ta matse. Salbutamol tsokar kawai yake saki, na kamar awa huɗu, ba ya taɓa kumburin. Mutum a zaune yana jan wajen lita 6 na iska a minti, yawanci ta hanci, wanda ke ɗumama ta ya jiƙa ta. A gudu mai ƙarfi abin kan wuce lita 100, kuma ta baki. Iskar nan mai yawa tana busar da danshin da ke lulluɓe da hanyoyin, wasu ƙwayoyin halitta da ke bangon su saki sinadarai irin su histamin, tsoka ta matse. Ana cikin gudu jiki da kansa yana riƙe hanyoyin a buɗe. Shi ya sa abin ya fi tsanani minti 5 zuwa 15 bayan an tsaya. Busasshiyar iska mai sanyi, hayaƙin mota da toshewar hanci duk ƙara wa wutar fetur suke. Kafin wayewar gari ne kuma numfashin mai asma ya fi rauni. Shi kansa salbutamol idan ana shaƙarsa kullum, kariyar da yake bayarwa kafin gudu takan ragu ta kuma gajarce. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina amincewa a bar babba ko matashi a kan irin wannan inhela ita kaɗai.

Game da sitiroyid, likitan ya ce suna ne ya zo ɗaya. Na asma maganin kumburi ne, ana auna shi da maikirogiram, yana sauka kai tsaye a huhu. Illarsa da aka fi gani dishewar murya ce da fararen ƙuraje a baki, kuma kurkure baki bayan shaƙa yana rage su.

Aka sauya shi zuwa inhela guda mai haɗe da magani biyu, budesonide na kumburi da formoterol mai buɗe hanya cikin minti ɗaya zuwa uku. Shaƙa ɗaya da safe, ɗaya da dare, ɗaya idan ƙirji ya ɗaure, ɗaya kafin motsa jiki. Hikimar ita ce duk lokacin da ya nemi sauƙi, maganin kumburi ma ya shiga. Wannan inhela garin magani ne a cikinta, ba ta fesawa ba ce, ita kuma zuƙa mai ƙarfi take so, akasin abin da aka gama koya masa, har sai da nas ta sa ya maimaita a gabanta. Aka ƙara masa maganin fesawa a hanci, da ƙaramin ma'aunin hura iska na gida, da rubutaccen tsarin abin yi idan ciwo ya taso.

## Wata 9 zuwa 10: mako shida babu gudu

Umarnin shi ne tafiya kawai, minti 20 zuwa 30 a rana, da hura ma'auni safe da dare, a rubuta mafi girma cikin hurawa uku. Ya ce wannan ne zangon da ya fi ba shi haushi, don tun mako na biyu ya ji zai iya gudu.

A makon farko yana hura lita 400 a minti da safe, 490 da dare. A mako na uku tashin dare ya tsaya. A mako na shida safe 550, dare 570, mafi girman da ya taɓa kaiwa 580. Daga wannan adadin aka yanka masa iyakoki: sama da 464, wato kashi 80, lafiya lau, tsakanin 464 da 290 a bi tsarin ƙara magani, ƙasa da 290 asibiti kai tsaye.

Sai a lokacin aka yi gwajin gudu. Iskar daƙiƙar farko ta riga ta kai lita 3.6. Ya yi minti 8 a kan inji ba tare da shaƙar kafin gudu ba, aka auna shi a minti na 5, 10, 15 da 30 bayan ya sauka. A minti na 10 ta ragu da kashi 14. Daga kashi 10 ake cewa gudu yana matse hanyoyin iska, saboda haka matsalar tana nan, amma a matakin da za a iya aiki da shi.

## Wata 11 zuwa 13: gina jiki daga ƙasa

Likitan fisiyo, mai gyara jiki ta hanyar motsa shi, ya tsara atisaye sau uku a mako, da yamma, a kan ciyawa, nesa da titi. Shaƙa ɗaya minti 15 kafin a fara. Ɗumama jiki ya zama rabin aikin: minti biyar na tafiya da sassarfa, sai gajeren gudu mai sauri na daƙiƙa 30 sau shida, da hutun minti ɗaya da rabi a tsakani. Irin wannan ɗumamawa kan sa hanyoyin iska su daina saurin amsawa na kusan awa biyu. Ba kowa take yi wa aiki ba, shi ta yi masa. Ainihin atisayen kuwa abin dariya ne ga wanda ya saba da minti 90: sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti biyu, sau takwas, da saurin da zai iya magana yana yi. Abu ɗaya ake ƙarawa a mako, ko tsawo ko yawa, ba duka biyu ba. A rufe da tafiyar minti goma, ba a tsaya cak.

A mako na biyu, a zagaye na huɗu, haki ya taso masa, hannunsa ya nufi aljihu.

"Dakata, Malam, hura mini nan tukuna," in ji likitan fisiyon.

Ya hura. 560.

"Kana jin ƙara a ƙirjin? Tari fa?"

"Babu."

"To mu taka a hankali, mu ba shi minti biyu."

Kafin su kai ƙarshen fili numfashi ya daidaita.

"Ka gani, wannan ba asma ba ce. Kilo tara ne da wata goma na zama."

Daga ranar ya soma rarrabe haki biyu. Na rashin atisaye yana zuwa ana cikin gudu, yana bin nauyin aikin, da an sassauta ya soma sauka, ma'auni kuma ba ya motsi. Na asma yakan zo bayan an tsaya, yana ƙaruwa maimakon raguwa, da tari da ɗaurewar ƙirji, fitar da iska ta fi jan ta wuya, ma'auni ya faɗi. An dai ja masa kunne cewa wannan rarrabewa ta lokacin da abu ya zo da sauƙi ce. In ƙirji na ƙara, ko magana na yankewa, ko shi kansa yana shakka, magani ake fara sha, awo ya biyo baya.

Ya riƙa hurawa kafin atisaye da minti goma bayansa. Cikin atisaye 36 sau huɗu ma'aunin ya faɗi da fiye da kashi 15. Uku a ranakun sanyi da busasshiyar iska, ɗaya ranar da ya manta shaƙar kafin farawa. Ranakun sanyi ya koma rufe hanci da baki da ƙyalle mara kauri lokacin ɗumama jiki, don iskar da ya fitar ta jiƙa wadda zai ja. Sau biyu a mako kuma yana aikin ƙarfafa cinya da ƙugu da ciki a gida.

A ƙarshen wata na 13 yana sassarfar minti 30 ba tsayawa, kilomita 5 cikin minti 31, nauyi kilo 77.

## Wata 14: mura ta dawo

Rana ta biyu da kamuwa ma'aunin safe ya nuna 430, kashi 74 na mafi girmansa. Ya bi takarda: ya dakatar da atisaye, ya ƙara shaƙa duk sanda ƙirji ya ɗaure, ya sanar da asibiti. Kwana uku yana shaƙa shida a rana. Rana ta shida ya haura 464, bai buƙaci prednisolone ba. Ya ƙara kwana biyar, sannan ya koma atisaye daga inda yake mako uku baya. Wata guda kusan ya tafi a haka.

## Wata 15 zuwa 18: komawa fili

Kafin ya sa takalmi ya zauna da kocin ƙungiya, ya ba shi kwafin tsarin, aka yarda inhelarsa za ta riƙa zama a bakin layi, ba a ɗakin canza kaya ba. Mako uku yana rabin atisaye, mako uku cikakke, duk lafiya. Wani abokin wasa ya zolaye shi da cewa ƙwayar ƙara kuzari yake sha. Ƙungiyarsu ba ta kai matakin da ake gwaji ba, amma ko a can hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta halatta salbutamol na shaƙa har maikirogiram 1,600 a awa 24, formoterol har 54, da sitiroyid na shaƙa. Ƙwayar prednisolone ce ke buƙatar izini na musamman a lokacin gasa.

Wasan farko ya ba kowa mamaki. An sako shi minti 20 na ƙarshe, bayan tashi tari ya kama shi, ma'auni ya sauka daga 570 zuwa 470. Mutumin da ke atisayen awa guda lami lafiya, minti 20 sun tayar masa da ƙirji. Da aka bi diddigi, ya ɗumama jiki da sauran 'yan wasa kafin a take ƙwallo, sannan ya zauna a benci cikin sanyi kusan awa ɗaya da rabi, ya shiga da gudu mai ƙarfi jiki a sanyaye, ga shaƙar ma tun kafin ɗumamawar ya yi ta. Koci ya juya tsarin: a fara da shi, a cire shi a hutun rabin lokaci. Ranar da dole ya fito daga benci, sai ya sake gajerun gudun nan shida minti 15 kafin ya shiga. Daga minti 45 ya koma 60, sai 75, a wata na 18 ya buga 90.

Awon wata na 18: maki 23 cikin 25, iskar daƙiƙar farko lita 3.7, raguwa bayan gwajin gudu kashi 7, nauyi kilo 74, kilomita 5 cikin minti 25, ƙarin shaƙa ɗaya ko biyu a mako, babu tashin dare, babu komawa sashen gaggawa.

## Hukunci

Yunƙurin farko ba ragwanci ne ya kayar da shi ba. Kusan duk abin da ke tayar da asma ya taru a cikinsa: sanyin safiya, hayaƙin titi, rashin ɗumama jiki, hanci a toshe, magani da ba ya isa huhu. Amma ba su zo ɗaya a nauyi ba. Da ya sauya lokaci da wuri kawai, da faɗuwar ta jinkirta ne, ba ta fasa ba. Hujjar tana cikin tarin dare, wanda bai bar shi ba a wata biyar da ya zauna, bai kuma bar shi ba lokacin ninƙaya, sai mako uku bayan fara sabon maganin kumburi a wata na 9. Abin da labarin Radcliffe bai nuna masa ba shi ne 'yan wasa irinta suna gudu ne a kan ciwon da likita ya riga ya kwantar.

Zaman wata biyar ya fi yunƙurin farko ɓarna, a ganina, ko da yake shi ne ya fi kama da hankali. Ya ɓoye alamar, ya bar ciwon, ya kuma ƙara masa dalili na biyu na haki, har ya kasa gane wanne ne wanne. Shi ya sa ƙaramin ma'aunin nan ya yi aikin da ya wuce awo. Lambar 560 a tsakiyar haki ita ce ta raba shi da tsoron da babu lallashin da ya iya cirewa.

Sabon magani, gyaran shaƙa da maganin hanci rana ɗaya aka fara su, saboda haka wannan lamari shi kaɗai ba zai raba rabon kowanne ba. Abin da ya fito fili shi ne jerin: mako shida na magani, sannan gwaji, sannan gudu. Atisaye kuma bai warkar da asmar ba. Bitar 2013 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, da ta tattara bincike 21 ta samu cewa motsa jiki yana ƙara wa masu asma ƙarfin zuciya da juriya ba tare da ya sauya awon huhu sosai ba, kuma lambobinsa sun bi wannan: daga 2.7 zuwa 3.6 magani ne, wata takwas na gudu 0.1 kawai suka zo da shi. Amfanin atisaye ta wata hanya ya zo. Jikin da ya saba yana buƙatar iska kaɗan a gudu iri ɗaya, iska kaɗan kuma bushewa kaɗan.

Ba shi kaɗai ke da laifi ba. Shekara 22 yana riƙe da inhela babu wanda ya ce ya gwada a gabansa, an kuma sallame shi daga asibiti da magani mai muhimmanci ba a gaya masa cewa ba a jin aikinsa nan take ba. Bayanin minti biyar ranar sallama da wataƙila ya tsare masa wata takwas.

Tsarin nan ba na duk mai haki ba ne. Wanda ƙararsa ke fita wajen jan iska, a maƙogwaro, daidai lokacin da gudu ya yi tsanani, ta kuma ɓace minti kaɗan bayan tsayawa, sau da yawa maƙogwaron ne ke rufewa, inhela ba ta yi masa komai. Mai ciwon ƙirji ko jiri ko suma a fili kuwa zuciya za a fara dubawa.

A ganawar wata na 18 ya nemi a dakatar da maganin gaba ɗaya. Likitan ya ƙi, don a manya daina maganin kumburi kwata-kwata kan dawo da tashin ciwo. Ƙa'ida ita ce a rage kashi 25 zuwa 50 bayan wata uku ciwo na kwance. Suka tsaya a kan zai ajiye shaƙar dare idan sanyi ya wuce, ya ci gaba da awon safe, a sake zama bayan wata uku.